Daji Babu Kowa: Sharhi kan Finafinan Namun Daji da Muke Kallo a Gida

A watan Afrilun 2020, daidai lokacin da dokar kulle ta korona ta zaunar da mutanen Kumasi da na Accra a gida, kamfanin Netflix ya ɗora shirinsa mai suna Our Planet a YouTube kyauta, kashi takwas cif. Tun daga nan duk mai waya da 'yar data a Atonsu ko Aboabo ko Asawase yana iya kallon hotunan da a da sai gidan da ke da dish da kuɗin biyan wata. Finafinan namun daji suna cikin 'yan abubuwan da uba da uwa da yara za su zauna su kalla tare ba wanda ya sunkuyar da kai, sai fa in an zo wurin barbara, inda za ka ga maigida ya tuna yana da wayar da zai buga a waje. Malamai ma ba su cika faɗa a kansu ba, tunda duban halitta da yin tunani a kanta abu ne da ake kwaɗaitarwa. Wannan ya sa suka shige mana gida ba a yi musu tambayar da muke yi wa finafinan Indiya da na Kannywood ba, wato me suke koya wa mai kallo?

Amsata ita ce suna koya masa kallo, kuma wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Sai dai a lokaci guda suna cusa masa wani tunani a hankali, cewa daji wani wuri ne can nesa, inda babu gona, babu shanu, babu ɗan Adam, kuma duk inda mutum ya sa ƙafa to ya tashi daga abin kallo. Ga mazaunin Landan wannan tunani bai cika cutarwa ba. Ga mu mutanen Afirka ta Yamma kuwa, da yawancin abin da ya rage mana na namun daji ke rayuwa a gefen gona ko a kan bishiyar tsakar gari, illarsa babba ce, domin yana sa mu raina abin da ke gabanmu har ya ƙare ba mu lura ba.

Yabo tukuna, domin sun ci a yaba musu. A shirin Africa da BBC ta fitar a 2013, cikin kashin da ya shafi Sahara, an nuna wasu tururuwai masu launin azurfa waɗanda ba sa fitowa daga rami sai rana ta take tsaka, lokacin da zafin rairayi ya kori ƙadangarun da ke cin su. Mintoci kaɗan gare su, kamar goma, su nemo gawar ƙwaron da zafi ya kashe, su ja ta zuwa gida kafin su ma su gasu. An sauke kyamara har ƙasa, an rage gudun hoton, sai ga ƙwayar rairayi ta zama dutse, ga tururuwa ta zama jarumi mai rige-rige da ajali. Wanda ya kalli wannan da natsuwa da wuya ya sake take jerin tururuwa a tsakar gida bai ɗan duba ba. Haka kuma kashin farko na Dynasties na 2018, wanda aka ɗauka a Fongoli ta kudu maso gabashin Senegal: wani shugaban birai, irin manyan nan da ake kira cimpanzi, wanda masu bincike suka sa wa suna David, matasan garkensa suka haɗu suka yi masa dukan kawo wuƙa suka bar shi a kwance, ya tashi da raunukansa ya bi sawunsu ya karɓe mulkinsa. Duk wanda ya san rikicin sarauta a unguwa zai gane kowace harara a wannan fim. Masu ɗaukarsa sun yi kusan shekara biyu suna bin garke guda, kuma haƙurin nan shi ne jarin wannan sana'a gaba ɗayanta.

Akwai 'yan dabaru da ya kamata mai kallo ya sani, don kada ya ɗauka duk abin da ya gani haka ya faru. Yawancin ƙarar da kake ji, takun giwa ko tauna ƙashi ko bugun fiffike, a ɗakin haɗa sauti ake yin ta daga baya, domin kyamarar tana can nesa da madubi mai jawo hoto, makirfo kuwa ba ya jawo sauti haka. Farauta guda da ka gani cikin minti uku tana iya zama hotunan kwanaki da yawa aka harhaɗa. Wani lokacin ma akan yi mana ungulu da kan zabo. A fim ɗin White Wilderness na kamfanin Disney, na 1958, wanda har ya ci kyautar Oscar, masu fim ne da kansu suka tura wasu ƙananan ɓeraye na ƙasashen sanyi daga kan gaɓa zuwa ruwa a Kanada, suka nuna kamar dabbobin ne ke afkawa ruwan da kansu. A 2011 an gano cewa jariran farin beyar da aka nuna cikin rami a shirin Frozen Planet, a wani gidan zoo na ƙasar Holan aka ɗauke su. A 2018 BBC ta amsa cewa dogon gidan kan bishiya da ta nuna mutanen Korowai na Papua suna tarewa a ciki, a shirin Human Planet, domin fim ɗin aka gina shi. Waɗannan duka laifuka ne, amma ni ba su ne suka fi damu na ba, domin ƙarya irin wannan ana kama ta, a ba da haƙuri, a wuce. Wadda ba a kamawa ita ce ta gefen hoto, wato abin da mai kyamara ya karkata kaɗan don kada ya shigo.

Wannan karkatarwa tana da tarihi. A 1959 wani Bajamushe mai suna Bernhard Grzimek, shugaban gidan zoo na Frankfurt, ya fitar da fim ɗin Serengeti Shall Not Die, wato Serengeti ba za ta mutu ba. Shi da ɗansa Michael sun ƙidaya garken dabbobi daga wani ƙaramin jirgin sama da aka yi wa fenti irin zanen jakin dawa, kuma a cikin aikin ne ɗan ya rasu bayan jirgin ya yi karo da ungulu. Fim ɗin ya ci Oscar, ya kuma kafa hoton da har yau ake kwaikwayo: fili fetal, garke ba iyaka, rana tana faɗuwa bayan bishiya guda. A shekarar nan ta 1959 ne Turawan mulki suka kammala fitar da makiyayan Masai daga Serengeti zuwa yankin Ngorongoro. Ashe filin da duniya ta koyi kira da daji na asali, wanda hannun mutum bai taɓa ba, sai da aka kwashe mutanensa sannan ya zama haka.

Our Planet ya zo da alkawarin gyara wannan. An yi shi tare da ƙungiyar WWF, kuma muryar David Attenborough ba ta ɓoye cewa abubuwa na lalacewa. Wasu masu bincike, ƙarƙashin Julia Jones ta jami'ar Bangor, sun ƙirga kalmomin shirin a 2019, suka tarar kusan kashi 15 cikin 100 magana ce kan barazanar da halittu ke fuskanta, fiye da shirye-shiryen da suka gabace shi. Amma sun lura da abin da duk mai kallo da idon basira zai lura da shi: baki yana faɗin ɓarna, ido kuwa ana ciyar da shi da aljanna. Ana ce maka daji na ƙarewa alhali abin da ke gabanka kore ne shar har iyakar gani. A gidajenmu wannan giɓi ya fi faɗi, domin da yawa cikin masu kallo, musamman iyayenmu mata da ƙananan yara, ba sa bin Turancin dattijon. Hoton kaɗai ke isa gare su, shi kuwa hoton cewa yake komai lafiya lau.

Dubi yadda aka raba nahiyarmu a shirin Africa: Kalahari, filayen gabashin Afirka, Kongo, kudancin nahiya, Sahara, sai kashi na ƙarshe kan makoma. Daga Senegal zuwa tafkin Chadi, duk faɗin ƙasar kuka da ɗorawa da kaɗanya, ba ta samu kashi nata ba. Wani zai ce ai dabbobinmu ne suka ƙare, kuma akwai gaskiya a ciki. Binciken da Philipp Henschel da abokan aikinsa suka fitar a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba, a wurare huɗu kacal: Niokolo-Koba a Senegal, dajin W da Arly da Pendjari da ya haɗa Nijar da Burkina Faso da Benin, sai Kainji da Yankari a Najeriya. Mole tamu ta Ghana ba ta cikin jerin. Ga kuma rashin tsaro da ke korar masu fim. Duk da haka ina ganin babban dalili shi ne namun dajinmu ba sa tsayawa a hoto su kaɗai, kullum sai mutum ya shigo bayansu.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne raƙuman dawa na Koure, kimanin kilomita 60 kudu maso gabas da Yamai. Su ne na ƙarshe a irinsu a duk Afirka ta Yamma. A 1996 guda 49 suka rage. Zuwa 2018 sun haura 600, har aka ɗebi takwas aka kai su gandun Gadabedji a jihar Maraɗi don su sake kafa zuriya a inda kakanninsu suka taɓa kiwo. Babu shinge a Koure, babu ƙofar shiga irin ta gandun daji. Dabbobin suna yawo tsakanin gonakin gero na Zabarmawa, suna cin ganyen ƙirya da gawo, in sun samu sarari su shiga gonar wake su yi ɓarna, manomi ya yi ta faɗa amma bai ɗauko bindiga ba. A duniyar kare namun daji da wuya ka sami nasara irin wannan, kuma talakawan ƙauye ne suka biya kuɗinta da amfanin gonarsu. Matsalarta ɗaya a wurin mai fim: duk inda ya juya kyamara sai ya ga rumbu ko amalanke ko yarinya da tulu. Harin da aka kai wurin a watan Agustan 2020, wanda ya ci rayukan mutum takwas, ya ƙara nesanta baƙi, amma tun kafin harin ma raƙuman dawan Kenya ne ke cika allo.

Mu dawo gida. A shirin Life na 2009, BBC ta je gandun Kasanka a Zambiya ta ɗauki miliyoyin jemagu masu cin 'ya'yan itace suna tashi da magariba, sararin sama ya yi baƙi ƙirin. Hoto ne mai sa tsikar jiki ta tashi. To irin wannan jemage ɗin, shi ɗin dai ba wani ɗan uwansa ba, shi ne ke rataye a bishiyoyin gidan zoo na Kumasi, tsakanin Kejetia da Cibiyar Al'adu, kuma shi ne ke kan bishiyoyin asibitin sojoji na 37 a Accra. Kowace magariba, in lokacinsu ne, suna tashi a kan fasinjojin da ke rububin trotro, ba mai ɗaga kai sai wanda aka yi wa kashi a riga. Masu bincike da suka ɗaura wa jemagun Ghana na'urar bin sawu sun gano suna iya kai irin bishiya nisan kilomita 75 daga inda suka ci ɗanta. Cikin bishiyoyin da suke yaɗawa har da odum, katakon da kafintocin Kumasi suka fi ji da shi. Su kuma jemagun ana harbin su, a ƙyafe, a kai kasuwa dubun dubata kowace shekara. Ga labari cikakke, da jarumi da abokin gaba da kuɗi a tsakani, a wurin da kuɗin mota guda zai kai ka daga Atonsu. Na Zambiya ya zama abin mamakin duniya saboda babu kowa a ƙarƙashinsa, namu ya zama ƙazanta saboda akwai tasha. Giwa a garin wani zomo ce, in ji masu magana, mu kuwa a garinta ma mun mayar da ita zomo.

Ungulu ma haka. Dattawan da suka yi harkar shanu a mayankar Kumasi da ke Kaase, nan maƙwabtanmu, sun san lokacin da ungulu ke cika rufin kwano har ana korar su. Ƙaramar ungulun nan ta cikin gari, tun 2015 ƙungiyar IUCN ta sa ta a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Guba na kashe su, ana sare dogayen bishiyoyin da suke sheƙa, ana kuma farautar kawunansu don masu tsibbu, abin da kasuwanninmu daga nan har Kano suka sani sarai. A farkon 2020 an kashe fiye da 2,000 da guba a Guinea-Bissau. Tsuntsun da ke share mana mushe kyauta yana ɓacewa a kan idonmu, yayin da yaranmu ke iya ba ka labarin yadda ungulun Serengeti ke rabon gawar jakin dawa.

Ba wai ba za a iya yin fim mai kyau da mutane a ciki ba. Kashin ƙarshe na Planet Earth II, na 2016, wanda aka keɓe wa birane, shi ne a ganina mafi daraja a duk jerin, kuma shi nake fara ba mutum shawarar ya nema. A ciki an nuna Harar ta Habasha, tsohon birnin Musulmi mai ganuwa da ƙofofi kamar Kano, inda kuraye ke shigowa cikin dare su bi lunguna zuwa wurin mahauta su cinye ƙasusuwa, mutanen gari kuma sun saba da su tun kaka da kakanni. Wannan ɗan yanki ya fi sa'o'i goma na zaki yana bin ɓauna koyar da mu wani abu, domin tambayar da ke cikinsa ita ce tamu: ta yaya mutum da dabba za su raba gari guda? Bahaushe ya daɗe da sanin amsar wani ɓangare nata. Shamuwa tana zuwa da damina ta yi sheƙa a bishiyar tsakar ƙauye, ba mai jifan ta, manomi kuma yana duban zuwanta ya gyara iri.

Wani abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, shi kansa Attenborough a yankinmu ya fara. A 1954, a shirinsa na Zoo Quest, Saliyo ya je tare da Jack Lester na gidan zoo na Landan, neman wani tsuntsu mai sanƙo, kansa rawaya da baƙin tabo, wanda ke gina sheƙar laka a jikin duwatsun cikin kurmi. Sun kamo shi suka kai Ingila, domin a wancan zamanin abin da ake kira son dabbobi ke nan. Wannan tsuntsu an daina ganin sa a Ghana tun shekarun 1960, sai a 2003 aka sake gano shi, kuma yau ɗaya daga cikin wuraren da aka fi zuwa ganin sa a duniya shi ne ƙauyen Bonkro, a ƙasar Adansi, cikin jihar Ashanti ɗin nan. Turawa na biyan kuɗin jirgi su zo su zauna shiru a gindin dutse suna jiran fitowarsa da yamma. Titin da ya ratsa Atonsu kuwa, in ka bi shi ta Kuntanase zuwa Abono, kimanin kilomita 30 daga gari, zai sauke ka a bakin tafkin Bosomtwe, ramin da wani dutse daga sama ya haƙa fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce. Masana daga ƙasashe da dama sun zo sun haƙa ƙasansa a 2004, UNESCO kuma ta sa shi a jerin wuraren da take karewa a 2016. Masuntansa har yau a kan sassaƙaƙƙen gungume suke zama, wanda suke kira padua, suna tuƙi da hannu suna kama karfasa. Mu dai mun san shi da wurin shaƙatawa ranar hutu, da kiɗa da soyayyen kifi.

Ko gandayen da muke da su ba su taɓa zama babu kowa ba. Mole, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 4,500, sai da aka tashi ƙauyukan da ke ciki kafin ta zama gandun ƙasa a 1971. A Yankari ta Bauchi, ban da giwaye da ruwan ɗumi na Wikki, akwai tsofaffin rijiyoyi da kogunan dutse da mutane suka sassaƙa da kufan matoyar ƙarfe. Wanda ya ɗauki giwar ya bar matoyar ya faɗi rabin labari.

Ɗaya reshen waɗannan finafinai shi ne na kasada, masu hawan dutse da ratsa ƙanƙara. Free Solo na 2018 ya nuna Alex Honnold yana hawan dutsen El Capitan a Amurka, tsayin kusan mita 900, ba igiya ba komai. An ɗauke shi da gwaninta, tafin hannunka zai yi gumi, amma in ya ƙare ba abin da ya rage maka sai tambayar me ya kai shi. Na fi son 14 Peaks na 2021, inda Nirmal Purja ɗan Nepal ya hau duwatsu 14 mafiya tsayi a duniya cikin wata shida da kwana shida, domin a nan an juya kyamara kan mutanen da aka saba gani a baya ɗauke da kayan Bature. Mu 'yan zango ya kamata wannan ya taɓa mu. Kalmar zango kanta sunan masaukin ayari ce. Kakanninmu fataken goro sun yi ta tasowa daga Kano da Katsina da jakuna, ƙarƙashin madugu da jagaba, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu da 'yan fashinta, su yi watanni kafin su isa Salaga a Gwanja. Har yau ayarin gishiri na ratsa Tenere daga Agadas zuwa Bilma. Wannan kasada ce da ba a yi don kyamara ba, ta neman abinci ce, shi ya sa kasuwar fim ba ta san inda za ta ajiye ta ba. Human Planet, duk da laifinsa da na ambata, ya ɗan taɓo ta a kashin hamada, inda matan Tubawa na Nijar ke ratsa rairayi da 'ya'yansu suna neman rijiya guda da taurari da lissafin tuddai.

Wanda yake son ganin yadda abin zai kasance in matafiyin ne ke magana da bakinsa, ya nemi Jaguar na Jean Rouch. Sai an sha wahalar nema, hotonsa kuma tsoho ne mai rawa, amma ya cancanci datar. An ɗauke shi a tsakiyar shekarun 1950, ya fito a 1967. Samari uku daga Nijar, Damoure Zika da Lam Ibrahim Dia makiyayi da Illo Gaoudel masunci, suka taka da ƙafa ta Dahomey har bakin teku, suka shigo Gold Coast neman kuɗi, kuma kasuwar Kumasi ta wancan lokaci tana cikin fim ɗin da cinkosonta. Babu sauti lokacin ɗauka, saboda haka daga baya aka zaunar da su suna kallon kansu suna sharhi, suna tsokanar juna, suna mamakin teku da al'adun mutanen da suka ratsa. Babu muryar masani daga sama. Daji da kogi da hanya duk suna nan, amma ta idon wanda ƙafarsa ta yi kanta a kansu.

Rouch ɗin ya kuma yi fim kan maharban zaki da kwari da baka a iyakar Nijar da Mali, wanda ya fito a 1965. A can Fulani ba sa kiran maharba don zaki ya ci saniya, wannan sun ɗauke shi haƙƙin maƙwabtaka. Sai in ya fara kisa ba don yunwa ba. Ana nuna yadda ake dafa dafin kibiya, da yadda maharbi ke lallashin dabbar da ya harba yana neman gafararta kafin ta cika. Duk wanda ya taso yana jin kirarin mafarauta zai gane wannan duniya. Ban wanke Rouch tas ba. Ousmane Sembene na Senegal ya taɓa zargin sa a gaban idonsa da cewa yana kallon 'yan Afirka kamar ƙwari, kuma akwai wuraren da zargin ya zauna daram. Haɗarin shigo da mutum cikin fim ɗin daji ke nan, a mayar da shi wata dabbar ta daban. Human Planet ma ya faɗa wannan rami a wurare. Abin da ke raba fim mai mutunta mutane da mai baje kolinsu shi ne wa aka bar wa magana.

Da wannan ma'auni na auna The Forest Maker na Volker Schlondorff, wanda ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Labarin Tony Rinaudo ne, ɗan Ostareliya da ya zo Maraɗi a farkon shekarun 1980 yana dasa itatuwa suna mutuwa, har ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara tohon kututturan tsofaffin bishiyoyi ne masu saiwa da rai a ƙasa. In aka zaɓi reshe ɗaya ko biyu aka datse sauran, cikin 'yan shekaru sai ga bishiya. Manoma suka sa wa abin suna sassaben zamani. An ƙiyasta ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da bishiyoyi miliyan 200 a Nijar, galibi a Maraɗi da Damagaram, kuma gawo, mai zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, shi ne sarkinsu. Rinaudo mutum ne mai tawali'u, ya ji Hausa, kuma shi kansa yakan mayar da yabon ga manoma. Fim ɗin ne ya kasa bin sa a wannan. Bishiya miliyan 200 ba mutum ɗaya ya tsayar da su ba. Mutanen ƙauyuka irin su Ɗan Saga a Agye sun kafa kwamitocin tsaron itatuwa, kuma abin bai kankama ba sai da manomi ya tabbata bishiyar gonarsa tasa ce, ba ta ma'aikacin gandun daji da zai ci shi tara ba. Wannan shi ne ainihin labarin, amma kasuwa ta fi son fuska guda da za a sa a fosta. The Man Who Stopped the Desert na 2010, kan Yacouba Sawadogo na Burkina Faso da ramukansa na zai, ya fi shi kusa da ƙasa, ko da yake shi ma gwarzo guda ya nema. A Netflix kuwa, Virunga na 2014, kan masu gadin gandun gabashin Kongo tsakanin 'yan tawaye da kamfanin mai, da The Elephant Whisperers na 2022, kan wasu dattawa biyu a kudancin Indiya da ke rainon marayun giwaye suna magana da harshensu na Tamil, su ne biyun da zan ce a kashe musu data ba nadama.

Saura batun harshe. Da Netflix za ta kai Our Planet ƙasashen da ke jin Sifaniyanci, ta ɗauko Penelope Cruz da Salma Hayek suka karanta sharhin. Mu kuwa da muke da ƙwararrun masu fassarar finafinan Indiya, waɗanda suka mayar da jaruman Mumbai 'yan unguwa, ƙarfinmu ya tafi can. Wanda duk ya gwada fassara fim ɗin namun daji zuwa Hausa zai fara cin karo da abin da muka yar. Abin da mai sharhin Turanci zai dunƙule da kalma guda, Bahaushe ya rarrabe shi tun tuni: gwanki daban, kanki daban, ga mariya, ga mazo, ga gwambaza, ga gada, ga barewa. Sunayen sun maƙale a karin magana da kirarin maharba, amma in ka nuna wa saurayin zango hotunansu da wuya ya haɗa kowane suna da mai shi. Ban da barewa, wadda ta fi son sahel, dukkansu suna nan a Mole, tare da ɓauna da gadu da giwayen da ke saukowa shan ruwa a ƙasan masaukin baƙi da rani. Hanyar ta Techiman ce da Kintampo, a ƙetare Volta a Buipe, a karkata yamma a mahaɗar Fufulso zuwa Damongo, sannan Larabanga.